Wa zai karɓi uwar nan goyo?

Shekarar yaron bakwai, amma har yau a goye ake kawo mana shi asibiti gashin ƙashi. Daga Gonin Gora uwar take tasowa, ta tsaya bakin titin Abuja tana tare Keke Napep, wasu direbobin da sun hango dogayen ƙafafu na reto a ƙasan zani sai su wuce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfinta, zuwan duk mako ya koma sai ran da ta samu.

Shawara ce ta kama shi kafin suna. Ido ya yi rawaya, ya ƙi nono. Tsofaffin gida suka ce a shanya shi a hantsi, mai kemis ya haɗa ruwan gulukos da maganin ɗigawa. Kayan jaririn ma cikin kafur aka adana su. Ranar da aka kai shi asibiti ya riga ya fara banƙarewa, ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da fitilar asibiti za ta iya tarewa da an zo da wuri!

Da ya shekara biyu bai zauna ba, dangin miji suka ce ɗan ruwa ne. Har aka sami mai cewa a kai shi bakin Kogin Kaduna a ajiye. Uwar ta ƙi. Daga nan miji ya janye jiki, ta daina suyar awara don ba mai riƙe mata yaro, aka cire babbar 'yar daga makaranta ta koma raino. Sai ga wani mai magani, ya karɓi kuɗin akuya, ya ce a daina ba yaron maganin farfaɗiyar da yake fama da ita, a riƙa turara shi a rufaffen ɗaki. Yaron da numfashi ke yi wa wuya, shi za ka cika wa huhu da hayaƙi? Wallahi wasu ba sa tsoron Allah.

Bayan watanni uwar ta dawo mana da shi. Jijiyoyin bayan gwiwa sun ɗaure, gyambo a ƙugu, ƙirji na kurari saboda a kwance ake ɗura masa koko, farfaɗiya kuma ta dawo da ƙarfi. Na ce, “Baiwar Allah, ke fa yaya bayanki?” Sai ta fashe da kuka. Da aka auna ta, jininta ya hau sosai.

Gashin da muke yi na ɗan lokaci ne. Sauran aikin a gida yake, kuma mutum ɗaya ba ya iya shi. In uwa ta faɗi, yaro ya faɗi. Malam maigida, ɗanka ne, ka ɗauke shi. Kishiya, gwaggo, maƙwabciya, matan Islamiyya da zumuntar mata ta coci, ku karɓe ta ko na yini guda ta yi barci.

Kada a tsayar da maganin farfaɗiya don wani malam ko fasto ya ce. A yi addu'a, a sha magani. Kada a ciyar da shi a kwance. A riƙa juya shi. Masu farfaɗiya, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan Barnawa, daga Gonin Gora ba sai an haye gadar Kogin Kaduna ba, kuma ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne.

Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa a Janairun 2019, Jihar Kaduna ta yi tata a 2021. Matar nan ba ta taɓa jin labarinsu ba. Kujerar zama mai madogari take nema, wadda kafinta zai iya haɗawa in mun ba shi awo, da makarantar da za ta karɓi ɗanta, da ɗan jari.

Na sake faɗa: jariri ya yi rawaya, asibiti a ranar. Ba hantsi, ba kemis, kuma a fitar da kafur daga kayansa.