Darasin Juma'a: Lalurar Ƙwaƙwalwa a Zaman Baƙunci



 Darasinmu na wannan makon ya shafi wani ciwo ne da muke jinyarsa a ɓoye. Idan ɗanmu ya faɗi a babur ya karye, kafin la'asar duk Sabo ta ji, a yi ta zuwa dubiya da lemo da ayaba. Amma idan ya daina barci, ya fara magana shi kaɗai, sai mu ja ƙofa mu ce wa maƙwabta ya yi tafiya. Wani ma da daddare ake saka shi a motar kaya a mayar da shi Arewa, don kada a ce gidan wane akwai mahaukaci, 'ya'yan gidan su rasa masu aure. To, barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Me ya sa abin ke tsananta a nan Kurmi?

A gida, idan mutum ya shiga damuwa, akwai gwaggo da kawu da abokan tasowa da za su lura ya canja. A nan kuwa, da yawanmu a rumfa muke kwana, iyali na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kuma duk wayar da aka bugo daga gida ta neman kuɗi ce. Ɗan gwari zai ɗauko tumatir bashi, mota ta lalace a hanya kwana biyu, kaya su ruɓe, bashi na nan. Waɗanda suka ga rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, har yau akwai wanda ƙarar fashewar taya kaɗai ke sa jikinsa rawa. Hana acaɓa a wasu sassan Ikko a 2020 da 2022 ya bar matasa da dama babu sana'a. Ga kuma tiramadol da wasu ke sha don su jure aikin dako, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi tun 2018 amma bai ɓace daga unguwanni ba.

Kada mu manta da mata. A al'adarmu mai haihuwar fari gida take tafiya wanka, uwa da kaka suna kanta har arba'in. A nan sau da yawa mai jego ita kaɗai ce a ɗaki da jariri, maigida ya fita tun asuba, maƙwabta kuma ba ta jin yarensu.

Alamomin da ya kamata mu gane

Ba sai mutum ya yi tsirara a titi ba. Akwai ciwon damuwa: mutum ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace, ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani. Akwai ciwon fargaba, mai zuwa da faɗuwar gaba da toshewar numfashi ba tare da wani dalili na zahiri ba. Akwai wanda ke jin muryoyi, ko ya haƙiƙance ana bin sa za a kashe shi. Akwai wanda zai yi kwanaki bai runtsa ba, yana ta surutu da rabar da jarinsa, bayan wani lokaci kuma ya koma shiru. Mai jego ma tana iya rikicewa a makonnin farko, ta ƙi jaririnta ko ta riƙa faɗin abin da ba shi da kai. Wannan na gaggawa ne, a ranar ake kai ta asibiti. Haka wanda ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, domin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suna taɓa ƙwaƙwalwa.

Mafi haɗari shi ne wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Kada a ce wasa yake, kada kuma a rufe shi da faɗa. A tambaye shi a fili cikin taushi, tambayar ba ta cusa masa tunanin. A kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da magunguna daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai har a kai shi wurin likita.

Tsakanin malam da likita

Mun yi imani da aljanu, mun yi imani da tasirin addu'a, babu mai ce mana mu bar ruƙiyya ta shari'a. Amma addinin da ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani. Kuma baƙin ciki ba shaida ce ta raunin imani ba: Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari, shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu kuma a tarihi ana kiranta shekarar baƙin ciki. Mai ciwon suga yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya zarge shi. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce a jiki.

Abin da ba za mu lamunta ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, da ɗaure mutum a mari, da hana shi abinci. Kowa ya ga halin da aka samu ɗaruruwan mutane a ciki lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar da cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a mutunta shi, kada a nuna masa wariya.

Darasi daga Aro

Wasu na cewa asibitin ƙwaƙwalwa na Turawa ne, bai san al'adarmu ba. Amsar tana nan kusa da mu a Abeokuta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a asibitin Aro: maimakon a kulle marasa lafiya, sai a sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowane da ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su je asibiti a yi musu magani, da yamma su koma cikin jama'a. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya, don ya gane cewa mutum ya fi karɓar magani idan ba a raina abin da ya yarda da shi ba. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Kenan ba baƙon abu muke nema ba idan muka ce a duba mu da harshenmu, tare da danginmu.

Idan za mu je asibiti

Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na UCH a nan Badun, akwai asibitocin tarayya na Aro da na Yaba a Ikko. Wanda ya fi son jinya kusa da gida, akwai na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Ga abin da za mu kiyaye:

1. A tafi da tafinta amintacce. Wannan ciwo da magana ake gano shi. Idan Bahaushe ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi ko tunani ya yi masa yawa, aka juya shi sama-sama da Turancin buroka, sai a ba shi maganin olsa ya dawo gida. Kada a sa yaro ya yi wa mahaifinsa tafinta, kunya za ta hana a faɗi gaskiya.

2. Mace ta samu tafinta mace, kuma tana iya roƙon ma'aikaciya mace ta zauna a wurin. Maigida ya yi haƙuri ya bar ta ta amsa da bakinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

3. A faɗa wa likita komai: rubutu, saiwa, hayaƙi, ƙwaya. Idan muna zaton sammu ne, mu faɗa. Likitan kirki zai saurara, ba zai yi dariya ba.

4. A yi haƙuri da magani. Na ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga sauƙi. Kada a daina don an ji dama-dama, nan ne ciwon ke dawowa. Mai yawan mantuwa ko mai yawan tafiya, a tambaya ko ciwonsa na cikin waɗanda ake yi wa allurar wata-wata.

5. Kafin azumi a koma wurin likita a daidaita lokutan shan magani. Idan ya ce azumi zai cutar, ai shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Nauyin da ke kan jama'a

Muna kira ga kwamitin masallaci da fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa su ware mutane kaɗan, maza da mata, masu jin Yarabanci ko Turanci, masu riƙe sirri, su riƙa raka marasa lafiya. Asusun da muke tarawa don kai gawa gida, a ware wani abu daga ciki don kuɗin mota da maganin mai rai. Malamanmu masu ruƙiyya, idan an yi kwanaki babu sauƙi, su ce a je asibiti su ci gaba da addu'a. Hakan ba ya rage musu daraja. Wanda kuma ya warke, a mayar masa da rumfarsa, a ba shi kaya bashi kamar kowa, a hana yara tsokanarsa. Mata su riƙa leƙa mai jego ko da suna ya wuce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya sa albarka a nemanmu, Ya mayar da mu ga iyalanmu lafiya. Amin. Juma'a mai albarka.