BABI NA SHIDA: MA'ANONIN YANKIN AIKATAU "TAKE OFF" DA FASSARARSA

6.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin illar fassarar kalma da kalma. Wannan babi zai duba yankin aikatau guda na Ingilishi, wato "take off", domin ɗalibi ya ga yadda furuci ɗaya kan ɗauki ma'anoni da dama gwargwadon muhallinsa.

6.2 Ƙirarsa

Yankin ya ƙunshi aikatau "take", wato ɗauka, da ƙaramar kalma "off" mai nuna rabuwa. Idan suka haɗu sukan haifar da sabuwar ma'ana wadda ba lalle a gano ta daga kowannensu ba. Hausa kuwa sau da yawa ƙarshen aikatau take sauyawa ta yi irin wannan aiki, kamar a ɗauka, ɗauke, ɗauko. Wannan shi ne tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960.

6.3 Idan Yana da Karɓau

(a) Raba tufa da jiki. "He took off his gown": Ya tuɓe rigarsa. A lura, Hausa tana zaɓen aikatau bisa ga abin da aka raba da jikin. Akan tuɓe riga, a cire agogo, a kwance rawani, a yaye mayafi.

(b) Ragi a ciniki. "She took fifty naira off": Ta rage naira hamsin.

(c) Hutu. "He took two days off": Ya ɗauki hutun kwana biyu.

(d) Dakatarwa. "The doctor took her off the drug": Likita ya hana ta ci gaba da shan maganin. Tafintan asibiti da ya ce "likita ya ɗauke ta da maganin" ya bar majinyaciya cikin duhu, kuma tana iya ci gaba da shan abin da aka hana ta.

6.4 Idan Ba Shi da Karɓau

(a) Tashin jirgin sama. "The plane took off from Kano at nine": Jirgin ya tashi daga Kano da ƙarfe tara.

(b) Bunƙasa. "Her business has taken off": Kasuwancinta ya kankama. Daga tashin jirgi aka aro wannan ma'ana. A Ingilishin Nijeriya kuma akan yi amfani da shi da nufin somawa kawai, kamar a ce sabuwar makaranta ta fara aiki.

(c) Tafiya cikin gaggawa. "The thief took off": Ɓarawon ya ranta a na kare.

6.5 Gurbin Karɓau

Idan karɓau suna ne, yana iya zuwa a tsakiya ko a ƙarshe: "take the cap off" ko "take off the cap". Amma idan wakilin suna ne, tilas ya shiga tsakiya: "take it off". Kuskure ne a ce "take off it".

6.6 Kammalawa

Kafin mai fassara ya zaɓi kalma, ya tambayi kansa abu biyu: shin akwai karɓau, kuma mene ne shi? Amsar ita za ta nuna masa ko tuɓewa ake nufi, ko ragi, ko tashi.

Aiki

1. Fassara zuwa Hausa: "Take off your shoes before you enter."
2. Kawo jimloli uku na Hausa da "tashi" ke da ma'ana daban-daban a cikinsu, ka nuna wadda ta dace da "take off".