Allurar rigakafi ba ta kori gidan sauro ba

Tambaya: An yi wa ɗana rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ko yanzu zan iya naɗe gidan sauro, tunda zafi na hana shi barci? Wata uwa, Birnin Kebbi.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki naɗe shi. Allurar R21 da aka fara yi a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 sau huɗu ake yin ta, kuma ko a gwajin da ta fi yin tasiri, kusan kashi 75 cikin 100 na kamuwa ta rage. Ragowar kason nan yara ne na gaske, kuma sauron da ke ɗauke da cutar da daddare yake cizo, lokacin da yaro ke kwance. Za ki ce to ina amfanin allurar? Amfaninta babba ne, domin tana rage zazzaɓi mai tsanani da ke kai yara gadon asibiti da damina, amma ba a yi ta don ta tsaya ita kaɗai ba.

Akwai kuma sauron rana, mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke ƙyanƙyasa a tsohuwar taya da randar da aka bari a buɗe. Shi ke yaɗa shawara da dengue. Shawara allura ɗaya ta ishe ta har tsawon rai, ana yi wa yaro a wata 9. Dengue kuwa, maganin shafawa mai sinadarin DEET na taimakawa wajen kariya daga cizon sauron. Ki shafa wa yaron a ƙafa da dantse, ban da tafin hannu da yake kaiwa baki. Batun zafi kuma, ki ɗaura gidan sauron a tsakar gida.