Waya Ba Ta Auna Jini

Idan damina ta kusa, ƴan cin rani suna komowa garinmu Waca daga Kano da Daura da Damagaram, wasu har daga Libiya. Suna zuwa da kuɗi da atamfa da sabuwar waya. Wani kuma yakan zo da cuta a jikinsa bai sani ba.

Akwai cututtukan da ake ɗauka ta wurin saduwar namiji da mace. Mun san ciwon sanyi, mun san tunjere, mun san sida, wadda a Nijeriya ake kira ƙanjamau. A nan Nijar, a shekarar 1987 aka fara samun mai sida.

Ciwon sanyi yakan nuna kansa ga namiji, ya ji zafi wurin fitsari, ko ya ga mugunya tana fita. Ga mace kuwa yakan ɓuya. Tana daka, tana ɗebo ruwa, ba ta jin komai, alhali cutar tana ɓata mata hanyar haihuwa. Shekaru su wuce ba ciki, sai a ce aljani ne ya aure ta, a yi ta yawon gidan boka. Tunjere ya fi wayo. Yakan fara da ɗan gyambo marar zafi, gyambon ya warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi, cutar kuwa tana nan cikin jini. Idan mace mai ciki na da shi, tana iya yin ɓari ko ta haifi ɗa ba rai. Mai sida ma yana iya yin shekaru da ƙibarsa da ƙarfinsa. Ido ba ya gane waɗannan, sai gwaji.

A Ingila akwai wata hanya. Mutum yana amsa tambayoyi ta intanet, a aiko masa da ɗan kwali har gida. Ya tsaga yatsa ya ɗiga jini a ƴar kwalba, ya zuba fitsari a wata, ya mayar. Bayan ƴan kwanaki sakamako ya zo masa ta waya. Amfaninta sutura ne, don ba mai ganinsa a layi. Amma a lura da abu ɗaya: jinin da fitsarin sai da suka je ɗakin gwaji. Waya saƙo kawai ta ɗauko.

Na faɗi haka ne saboda masu tallan magani a WhatsApp da Facebook. Ka aika musu murya ka ce kana jin ƙaiƙayi, nan take su ce sanyi ne, aiko kuɗi. Kowa ya zo, sanyi ne. Wanda bai ga jininka ba bai san cutarka ba. Haka ma mai tallan ƙwayoyi a kasuwa, wanda zai ba ka kafso biyu ja da rawaya. Zafin yana iya lafawa, ƙwayar cutar ba ta mutu ba, ta ma ƙara taurin kai har maganin kirki ya kasa mata.

Mu a nan, gwajinmu yana likita. Ka gaya wa majo, wato ma'aikacin jinyar wurin, abin da kake ji, ba ɓoye-ɓoye, domin aikinsa ya hana shi tona asirin majinyaci. Gwajin sida ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako yana fita kafin ka bar wurin. Abin da ya fi ƙarfin likitar gari, ana tura mutum asibitin Magarya, ko babban asibitin Damagaram. Mai ciki kuma, idan ta je awo, ta nemi a duba mata sida da tunjere. Allurar fenisilin tana kashe tunjere, ta tsirar da ɗan da ke ciki. Sida ba ta warkewa, amma maganin da ke danne ta kyauta ne a Nijar, kuma yana kare jariri daga ɗauka.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mutum ya yi wa kansa gwajin sida. Wani irin ana goga shi a dasashi, a jira minti 20. Layi ɗaya, ba a ga cuta ba. Layi biyu, sai a je likita a tabbatar. Kada wannan ya sa ka zaci ana ɗaukar sida ta cin tuwo kwano ɗaya, ba a ɗauka ta nan. Idan kuma abin da kake tsoro bai daɗe da faruwa ba, gwaji yana iya rasa gani, sai ka sake bayan wata 3.

Game da ciwon sanyi, inda magidanta suka fi faɗuwa shi ne shan magani su kaɗai a ɓoye. Mai mata biyu da ya warke ya bar su da cutar, ranar girki zai sake ɗauka. Magani na miji ne da matansa duka a lokaci ɗaya, a shanye shi yadda majo ya ce, kuma a dakata da saduwa har kwana 7 bayan an gama.