Batirin Wayar Inna da Sauran Tambayoyin da Kuka Jefa a Kwali

Makonni biyu da suka wuce ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta ajiye kwali a bakin ofishin malamai, muka ce duk mai tambaya a kan waya, rediyo, tocila ko sola ya rubuta ya jefa. Da muka buɗe mun samu takardu da yawa, har da na wani da ya tambaya ko za mu raba wayoyi kyauta. Ba za mu raba ba. Ni aka ɗora wa nemo amsoshin, don haka na tambayi malaminmu na kimiyya da fasaha, na duba littafin da ya ara mini, kuma ranar kasuwa na zauna wajen wani mai gyaran waya a nan Gezawa har la'asar. Zan fara da tambayar da ta fi yawa, domin mu ma ta same mu a gida.

Me ya sa batirin waya yake kumbura, kuma ana iya gyara shi?

Inna tana da ƙaramar waya mai madannai. Da ita masu sarin ƙuli-ƙuli suke kiranta, kuma da ita yayana da yake aiki a Legas yake sanar da ita idan ya turo saƙo. A bazarar bana sai murfin bayanta ya daina rufuwa, muka ɗaure shi da roba. Caji kuma ba ya kai azahar. Wani abokin ƙanina ya ce masa ai iska ce ta taru a ciki, a huda da allura ta fita, shi ke nan. Wallahi na shigo zaure na tarar da shi riƙe da allurar Inna da batirin a kan gwiwarsa, ga tarin karan dawa a jingine a bayansa. Na ƙwace ne kawai don kada a yi mana faɗa, a lokacin ban san komai ba.

Da na nuna wa mai gyara sai ya ajiye batirin a kan teburinsa ya murza shi da yatsa, ya yi ta juyawa kamar katantanwa. Ya ce, "Ka gani ko, yaro? Mai lafiya a shafe yake, ba ya juyawa haka. Wannan ya gama aiki. Da ƙaninka ya huda shi, da yanzu wani zancen ake yi."

Ga bayanin da Malam ya ƙara mini. Batirin waya ana kiransa batirin litiyam. A cikinsa akwai falle-falle guda biyu masu siriri da aka naɗe tare, da wata 'yar leda a tsakaninsu da take hana su taɓa juna, da wani ruwan sinadari mai kama wuta. Idan batirin ya tsufa, ko ya sha zafi, ko caja marar kyau ta matsa masa, ruwan nan yana lalacewa ya zama iska, iskar ce take kumbura shi. Abokin ƙanina ya yi gaskiya a nan. Inda ya yi kuskure shi ne allura ƙarfe ce, idan ta ratsa ledar sai ta haɗa fallayen biyu, duk wutar da ke ciki ta fita lokaci guda, zafi ya tashi, ruwan ya kama. Ko manyan kamfanoni abin yana ba su wahala. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batiranta suna kamawa da wuta.

Don haka batirin da ya kumbura ba shi da gyara. Kada a huda, kada a danne shi da dutse, kada a jefa a murhu ko a bolar da ake ƙonawa. A cire shi a ajiye a cikin gwangwani da yashi, nesa da kara da katifa da hannun yara, a kai wa mai gyara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zafi ya fi komai kashe shi. Mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan wuce digiri 40. Inna tana ajiye wayarta a kan taga kusa da inda take suya. Yanzu ta daina. Wannan irin batiri kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka ƙirƙiro shi kyautar Nobel: John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Ku riƙe, ya kan fito a gasar kacici-kacici.

Idan waya ta kwana a caji tana lalacewa?

Waya mai kyau tana da abin da yake yanke cajin da kansa idan ta cika. Matsalar ita ce inda ta kwana. Wanda ya tura ta ƙarƙashin matashi tana caji ya rufe mata hanyar shan iska, zafi ya taru, mun koma maganar sama. A ɗora ta a kan siminti ko tebur.

Duk caja ba ɗaya ba ce?

A'a. Wutar da KEDCO take kawo wa Kano da Jigawa da Katsina ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Waya kuwa bolt 5 take so a cajin yau da kullum. Aikin kan caja shi ne ya sauko da 230 zuwa 5, ya kuma raba tsakaninsu yadda babbar wutar ba za ta tsallako ta zo hannunka ba. Mai gyara ya fasa mini guda biyu na gani. Ɗaya cike take da ƙananan kaya, ɗayar kuma kusan fanko ce, shi ya sa ba ta da nauyi. Ya ce alamomin marar kyau su ne zafin da ba ka iya riƙewa, ƙara kamar ta sauro, ko allon waya ya riƙa danna kansa idan tana caji. Wanda ya ga haka ya zare.

Wani ɗan aji uku ya tambaya: me ya sa idan aka kawo wuta marar ƙarfi fanka ba ta juyawa amma waya tana caji? Ka ɗauki cajarka ka karanta ƙananan rubutun jikinta, za ka ga 100 zuwa 240. Ma'ana ko wutar ta sauko sosai tana iya aiki da ita. Abin tsoro shi ne lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, ko mai shagon caji ya tayar da janareta. Gara a bari ta daidaita kafin a jona.

Na sayi fawa bank an rubuta 10,000, wayata 5,000 ce, amma ba ya cika ta sau biyu. An cuce ni?

Wataƙila an cuce ka, wataƙila kuma a'a. Lambar nan da ake bin ta da haruffan mAh tana nuna yawan cajin da batirin ciki yake ɗauka, kuma batirin cikin bolt 3.7 ne. Kafin wutar ta bi kebul sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, idan ta isa waya kuma a sake sauko da ita. A kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi, shi ne ɗumin da kake ji a hannu. Kamar ka ɗebo ruwa a rijiya da guga, ka juye a bokiti, ka kai gida ka juye a randa, ai ba duka ne zai isa ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku yakan tafi haka. To daga 10,000 abin da zai shiga wayarka bai fi 6,500 ba, wato cika ɗaya da ɗan ƙari. Ƙaramar waya irin ta Inna mai 1,000 kuwa zai cika ta wajen sau shida. Amma idan ko sau ɗaya bai cika taka ba, ko an rubuta 50,000 alhali bai fi sabulu nauyi ba, to wannan kam ƙarya aka rubuta. Ko a Farm Centre ta Kano za ka saya, ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka nemi a ba ka rasit.

Gaskiya ne waya tana jawo tsawa?

Wannan tambayar mutum huɗu suka yi ta, kuma kakata ma haka ta yarda, da hadari ya haɗo sai ta ce a kashe wayoyi. Malam ya ce wayar hannu da ba a jona da komai ba ba ta jawo aradu. Aradu tana neman abu mai tsawo ne a fili: bishiya, turken wuta, ko mutumin da yake tsaye shi kaɗai a gona da fartanya a kafaɗa. Amma kakata ba ta yi kuskure duka ba. Idan aradu ta faɗa wa wayar wutar lantarki, ƙarfinta yana iya biyowa har soket ɗin ɗaki, ya ƙona caja da talabijin, ya ji wa wanda yake riƙe da waya tana caji. Don haka idan ana tsawa a zare komai daga bango.

Mu da muke zuwa gona da damina ga abin da ya kamata mu sani. Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba. Sauti yana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Idan ka ga walƙiya ka fara ƙirge, ka ji rugugi a kan tara, to tana da nisan kilomita uku. Wannan kusa ne. Ka bar gonar ka nemi gini, kuma kada ka fake a gindin ɗorawa ko tsamiya, ko da ruwan zai jiƙa ka sharkaf.

Me ya sa rediyon waya ba ya yi sai an sa iyafis?

Domin igiyar iyafis ɗin ita ce eriyarsa. Tashoshin FM, irin Freedom Radio da ke kan 99.5, saƙonsu yana tafiya ne kusan a miƙe, shi ya sa idan ka yi nisa da Kano suke ɓacewa. Rediyon kakanninmu mai gajeren zango kuwa saƙonsa yana hawa sama ya bugi wani ɓangare na sararin samaniya ya dawo ƙasa, shi ya sa yake tsallake teku. Ta haka aka riƙa jin sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, tun kafin wayar salula ta GSM ta zo Najeriya a 2001.

Tunda ana maganar rediyo, masu tauna batirin tocila don ya ƙara kwana ɗaya su daina. Ni ma na taɓa yi. Yana ɗan farfaɗowa kam, amma baƙin abin da ke ciki sinadari ne mai cin fata, ba na baki ba ne. Haka wanda aka sa ya shafa wa allon aji baƙin batir, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Solarmu ta rage ƙarfi da hunturu, ta lalace ne?

Ka hau ka duba, ko ka sa babba ya duba. Sau da yawa ƙura ce ta rufe gilashin, ga hazo ya rage hasken rana. Da haske faifan yake aiki, ba da zafi ba. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi, kuma a lura kada inuwar darbejiya ta faɗa ko a kan gefe ɗaya, domin ɗan wurin da ya shiga inuwa yana rage aikin sauran. Babban batirin nan mai bolt 12 kuma ba ya son a tatse shi tas kullum, yana saurin mutuwa. Idan ya mutu kada a fasa shi a tsakar gida. Akwai ruwan asid a ciki, akwai kuma dalma. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ta batir ma dalma ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa.

Wayata ta faɗa a randa, in sa ta a shinkafa?

Mai gyara ya yi dariya da na karanta masa wannan, ya ce shinkafar ta fi amfani a tukunya. Abin yi shi ne a kashe ta nan take, a cire batir da layi da memori idan suna ciruwa, a goge, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa kwana biyu. Kada a kunna don a gwada, kada a sa a caji, kada a kanga a wuta. Ruwa da lantarki idan suka haɗu a ciki su ne suke cinye ƙananan hanyoyin wutar.

Batirin Inna dai mun sayi sabo, kuɗin ya kai ribar ƙuli-ƙulinta ta kwana uku, tsohon kuma na bar wa mai gyara. Akwai takardu biyar da suka rage a kwali, uku a kan data mai saurin ƙarewa, biyu a kan masu kira suna cewa daga banki suke a karanto musu lambar da aka turo. Waɗannan biyun ba za su jira fitowa ta gaba ba: kada ku karanta wa kowa, kuma ku faɗa wa iyayenku yau. Na data sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kwalin yana nan a inda yake.

Daga ɗan ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.