Karkashi da Ƙudan Zuma

Hakimai da malamansu su lura: tun da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957 gine-gine suke ta cin filayen kudancin kogin Kaduna, har karkashi ya soma rasa wurin tsirowa. Shi kuwa damina ɗaya yake yi. In bai zub da iri bana ba, baɗi babu shi. Ba miya kaɗai za a rasa ba, gama furensa abincin ƙudan zuma ne.

Saboda haka a hori jama'a su tsinki ganye kawai, kada su tumɓuke shi. In kwanso ya bushe, a tara irin tun bai fashe ba. Da ruwa ya zauna sai a watsa a jigawa, a rufe da ƙasa kaɗan, don ƙwayar ƙarama ce. Ba ya son inda ruwa ke kwanciya.