Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida

 Ɗana, an ce kai da abokanka kun fara hawan babur ɗin dusar ƙanƙara a duwatsun Kanada, har kuna barin hanyar da aka share ku kutsa daji. Ban ga laifinku ba. Ƙuruciya ce, wurin kuma akwai kyau. Amma ba ni aron kunnenka.

Dusar da ke kan dutse hawa-hawa take kwanciya. Wani lokaci ta sama ta yi tauri, ta ƙasa kuwa gari-gari, kamar tabarma a kan zubabben gero. Babur ɗaya ya isa ya sa ta zame. Gangaren da ya fi zaftarewa shi ne mai digiri 30 zuwa 45, kuma shi ne ya fi daɗin hawa. A nan tarkon yake.

A watan Disamba na 2008, kusa da garin Fernie a lardin British Columbia, dusa ta zaftare ta rufe wasu mahaya. 'Yan'uwansu suka rugo ceto. Suna cikin tono sai ta biyu ta sauko. Cikin mutum 11, takwas ba su koma gida ba. Mutanen garin Sparwood ne, sun san dutse, suna kuma ƙaunar juna. Ka ga, kyakkyawar zuciya ba ta riƙe dusa.

Saboda haka, in za a hau gangare, a hau ɗaya bayan ɗaya. Sauran su tsaya can gefe inda zaftarewa ba ta kaiwa, idonsu a kan mai hawa. Ko babur ɗinsa ya kafe a sama, kada ka hau masa taimako. Nauyinku biyu na iya ballo dusar.

Kafin ka fita, duba sanarwar Avalanche Canada kan haɗarin zaftarewar dusa. Ma'auninsu daga 1 zuwa 5 ne. Mataki na 3 ya fi cin rayuka, domin mutane na ɗaukarsa da sauƙi-sauƙi. Na'urar gano wanda dusa ta binne ta kasance a jikinka, a kunne. Shebur da sandar lalube su zauna a jakar bayanka, kada ka ɗaure su a babur. Ka koyi aiki da su tun a fili. In dusa ta tsaya, daskarewa take yi, wanda ke ƙasa ko hannu ba ya iya motsawa. Bayan kamar minti 15, damar tsira tana raguwa da sauri. Abokan tafiyarka su ne masu cetonka, sai ka zaɓe su da kyau.

Ranar da ka ga dusa tana tsagewa, ko ka ji ta yi ƙara tana lotsawa a ƙarƙashinka, juya. Wani zai yi maka dariya. Ƙyale shi, ɗana. Tsoro na daji, kunya na gida.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.